Ƙorafin Balkisa kan Korar Baushe Mai Lam daga Tasha

Balkisa Baushe,
Matar marigayi Abdurrazak Kailu,
Unguwar Bayan Kasuwa, Filinge,
Jihar Tilaberi.

Talata, 22 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Shugaba,
Ƙungiyar Zumuntar Direbobi da Makanikai ta Ƙasar Kurfai,
Babban Biro, Filinge.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

GAME DA: Hukuncin da Kwamitin Ladabtarwa na ƙungiya ya yanke wa mahaifina, Baushe Mai Lam, ranar Litinin 9 ga Disamba, 2024, dangane da haɗarin motar Alhaji Ɗandije

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan biro, ina neman izini in gabatar da kaina da abin da ke tafe da ni.

Sunana Balkisa, ina koyar da 'yan aji uku a lakwal a nan Filinge. Ni ce ɗiyar fari ta Baushe, makanikin da ya shekara talatin da ɗaya yana aiki a rumfar da ke gabas da ƙofar tasha. Ni ce kuma matar Abdurrazak Kailu, direban da Allah ya karɓi ransa ranar Lahadi 1 ga Disamba, 2024, a kan hanyar Damana, cikin farar motar Alhaji Ɗandije wadda 'yan tasha ke kira Gwaggo saboda tsufanta. Ke nan wanda kwamitinku ya ce shi ya yi sanadi ubana ne, wanda aka rasa kuma mijina ne, uban 'ya'yana mata biyu. Har yau ba wanda ya tambaye ni abin da na sani.

Ina roƙon afuwa kan jinkirin wannan takarda. Ina cikin takaba, sai ranar 9 ga wannan wata na fita. Ina kuma roƙon a karɓe ta da Hausa. Zan iya rubuta ta da Faransanci, amma mahaifina bai shiga lakwal ba, kuma ba na so in aika da kalma ko ɗaya da sunansa wadda bai ji da kunnensa ba.

Domin duk wanda zai karanta takardar nan alhali ba makaniki ba ne, lam su ne dogayen ƙarafan nan masu lanƙwasa kamar baka, da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a ƙarƙashin mota, su ke ɗauke da nauyin bayanta. Na sama, wanda ya fi tsawo, mai kunnuwa biyu da ke maƙale da jikin mota, shi ake kira uwar lam. Wannan shi ne aikin da aka san mahaifina da shi har ya zame masa suna. Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Takardar hukuncin ta ce Baushe ne ya gyara bayan motar. Wannan ba haka yake ba. Dubawa ya yi, bai yi gyara ba.

Ranar Talata 12 ga Nuwamba, 2024, da hantsi, Abdurrazak ya kai motar rumfar mahaifina. Tun ƙarshen damina ya lura bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, tana kuma rinjaya wa hagu. In ta faɗa rami sai a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe har cikin haƙoran fasinja. Alhaji Ɗandije ya aiko da umarni a canza mata amotisa biyu na baya, ta koma hanya da yamma.

Mahaifina bai taɓa ɗaura sifana a kan mota don an ce masa ga ciwonta ba. Sai da ya sa aka sauke duk abin da ke ciki, har tayar safaya da jarkokin ruwa. Ya sa aka tura ta kan dandamalin siminti na kusa da masallaci, domin rumfarsa ƙasa ce mai gangare, awo ba ya yin daidai a kanta. Ya daidaita iskar tayoyin huɗu, saboda ya sha ganin motar da aka ce lam ɗinta ya mutu, ashe taya ce ta sace. Sannan ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman kowace tayar baya. Hagu ta fi dama zama da yatsu huɗu, ita ma damar ta sauka daga inda ya kamata ta tsaya. Ya danna bayan motar da nauyinsa ya saki, ta yi ta rawa ba ta tsaya ba. Ya ce lalle amotisa sun mutu, ɗaya ma duk ya zubar da mansa. Amma ya bayyana wa Abdurrazak, gaban mutane, cewa amotisa ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kawai ya hana mota yawan rawa. Ko sababbi goma aka sa mata, bayanta ba zai tashi da faɗin akaifa ba.

Daga nan ya ɗaga ta da kirik, ya tokare da kututture, ya shiga ƙarƙashi. Mutum ne mai shekara sittin da uku, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, amma bai taɓa yarda wani ya duba masa ya faɗa masa ba. Ya wanke lam ɗin da man gazuwal, ya goge da tsumma. Ga abin da ya gani, kamar yadda ya lissafa mini, na kuma rubuta a gabansa: lam na ɓangarorin biyu sun miƙe sun zama shimfiɗe, lanƙwasarsu ta tafi, robobin da ke cikin kunnuwan uwar lam sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe, ƙusar tsakiya da ke riƙe jerin ta hagu ta lanƙwashe, tayar hagu ta fara gogar jikin mota daga ciki har wurin ya yi ƙyalli. Abu na ƙarshe shi ya sa ya daɗe bai fito ba. A uwar lam ta hagu, taƙi guda daga kunnen gaba, akwai wani siririn zane na tsatsa kamar gashi. Ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen lam amo yake bayarwa kamar ƙararrawa, wannan kuwa ya ba da amon fasasshiyar tukunya. Tsagewa ce, ta riga ta ci fiye da rabin faɗin ƙarfen.

Motar ta kwana biyu a kan kututture gaban rumfarsa ana jiran mai ita. Duk wanda ya wuce ya gan ta a can. Ina kyautata zaton daga nan ne maganar cewa shi ya gyara ta ta samo asali, kuma ban zargi wanda ya faɗi abin da idonsa ya gani ba. Kwamiti ne ya kamata ya tambayi abin da ya faru bayan kwana biyun.

2. Takardar ba ta ambaci gyaran da mahaifina ya ce a yi ba, ba ta kuma ambaci cewa an ƙi shi ba.

Ranar Alhamis 14 ga Nuwamba, bayan azahar, Alhaji Ɗandije ya zo rumfa da kansa. Mahaifina ya shimfiɗa masa buhu, ya roƙe shi ya sunkuya ya ga tsagewar da idonsa. Alhaji ya ce yana sanye da fararen kaya. Mahaifina ya zayyana masa aikin da ya dace: a sayo uwar lam biyu daga Yamai, hagu da dama tare, domin in aka canza ɗaya aka bar ɗaya motar za ta karkace, a canza na biyu da ke bin su, a sa sababbin robobi da ƙusar tsakiya da maɗauran da ke haɗa jerin da ƙarfen ƙafafun baya, sai a ƙarshe a sa amotisa. Ya ce ba za a ƙarasa ɗaure notuna ba sai motar ta sauka ta tsaya da nauyinta a ƙasa, sannan bayan tafiya biyu ko uku a dawo masa da ita ya sake matsewa. Ya ce da sayowa da aikin, mako guda ya isa.

Alhaji ya ce mako guda a tsakiyar kaka ba abu ne mai yiwuwa ba, hatsi na jiran mota a kowace kasuwa. Ya ce a liƙe tsagewar da walda, a gasa sauran a wuta a buga su su lanƙwashe. Mahaifina ya amsa da ladabi cewa ƙarfen lam ba ya son wuta, in ya sha walda taushinsa ya mutu, sai ya ƙone ya zama mai karyewa farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Ya ce a shekarunsa talatin da ɗaya bai taɓa liƙe uwar lam ba, kuma ba zai fara da motar da mijin ɗiyarsa ke tuƙi ba. Da Alhaji ya matsa, sai ya faɗi kalmomin da aka juya masa daga baya. Na rubuta su kamar yadda Lami mai tuwo, wadda rumfarta ke manne da tasa, ta ji su: "Alhaji, motar ga in aka ɗora mata hatsi a haka, ba ta ganin ƙarshen kaka."

Alhaji ya ce a sauke masa motarsa. Mahaifina ya mayar da tayoyin, ya sauke ta yadda ya same ta. Bai canza ko noti ɗaya ba.

3. Kwamiti bai bincika inda motar ta kwana daga 16 zuwa 20 ga Nuwamba ba.

Ranar Asabar 16 ga wata, Alhaji ya karɓi makulli daga hannun mijina, ya ba wani ya tafi da motar. Ranar Laraba 20 ga wata ta dawo tasha, bayanta ya ɗago, lam ɗinta sun sha baƙin fenti suna walƙiya. Mutane suka yi ta yabawa, wasu har suna tsokanar mahaifina cewa ashe akwai wanda ya fi shi. Ban san sunan wanda ya yi wannan aiki ba, ban san garin da aka yi shi ba, ba zan kuma rubuta abin da ban sani ba. Mai motar ya sani.

Mahaifina ya je ya durƙusa a gefenta, ya zura hannu ya shafa uwar lam ta hagu. Yatsunsa suka ji tudun walda a ƙarƙashin fenti, daidai inda ya ga tsagewa. Ya ga kuma an sa dogayen maƙalai a kunnuwan baya don motar ta ƙara tsawo a ido. Direba Abdulgafar, mai zuwa Abala, yana tsaye a wurin, ya ga mahaifina ya goge hannunsa a riga ya koma rumfa.

4. Takardar ta ce Baushe ya ga lahani ya yi shiru. Ranka ya daɗe, wannan jimla ita ta fi yi mini ciwo, domin ni shaida ce.

Ka san al'adarmu. Ni ɗiyar fari ce, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Shekara tara ina gidan Abdurrazak bai taɓa taka ƙofarmu ba, ko ranar sunan jikokinsa a waje ya tsaya. Shi ma Abdurrazak in zai yi masa magana, a durƙushe yake yi, idonsa a ƙasa.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci, na ji sallamar mahaifina a zaurenmu. Na ɗauka mutuwa aka yi. Ya ƙi shiga ciki, ya ƙi ruwan da na kawo. Ina bayan zana ina jin su. Ya roƙi mijina ya ajiye makullin motar. Ya ce in don abinci ne, akwai hatsi a rumbunsa na ƙauye da zai kai mu damina. Ya ce ba ya jin kunyar roƙo yau. Abdurrazak ya ce ya ji, ya kuma gode, amma Alhaji ya riƙe shi shekara goma sha ɗaya, ba zai ajiye masa makulli a tsakiyar kaka ba. Ya yi alkawarin zai tafi a hankali, ba zai bari a yi mata lodi mai yawa ba, kuma da kasuwannin Disamba sun wuce shi da kansa zai kawo masa ita a yi aikin gaskiya. Mahaifina ya tashi, ya sa takalmansa, ya ce Allah ya tsare.

Washegari, Asabar 23 ga wata, ya je wurin sakataren kwamiti ya faɗa masa da baki cewa kada a bar Gwaggo ta yi lodi. Sakatare ya ce ya kawo a rubuce. Mahaifina ba ya rubutu. Da ya zo wurina da na rubuta masa, amma ya ce mini daga baya bai so ya sa ni tsakanin mijina da ubangidansa ba.

Ni ma ban hana mijina fita ba. Na yi masa magana sau ɗaya, ya yi murmushi, na bari. Ina rubuta wannan ne don kada a ce na wanke kowa na gidanmu.

5. Kwamiti ya yanke hukunci bai duba ƙarfen da ya karye ba.

Ranar Lahadi 1 ga Disamba, bayan la'asar, motar ta tashi daga kasuwar Filinge za ta Damana da mutum takwas da buhunan gero. A wani gangare uwar lam ta hagu ta karye, ƙafafun baya suka zame daga mazauninsu, taya ta cije a jikin mota, motar ta kife. Fasinja uku suka ji rauni, ɗaya daga cikinsu mace ce da har yau hannunta bai dawo daidai ba. Abdurrazak ya cika a hanya kafin a iso da shi gidan likita. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Kwana biyu bayan an rufe shi, ranar Laraba 4 ga wata, mahaifina ya tashi daga wurin zaman gaisuwa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya hau kabu-kabu ya je wurin. An riga an janye motar zuwa gidan mai ita. Ya yi ta bin gefen hanya a ƙasa yana duba ciyawa har ya tsinci guntun uwar lam, mai kunne a jikinsa, tsawon taƙi guda. Bakin karayar yana nan a fili, a kan walda ta bi, baƙin fentin ma bai gama goguwa ba. Duk makanikin da aka nuna wa zai faɗi abin da ya gani kafin a ƙirga goma. Guntun yana wurinmu, naɗe cikin buhu. Sauran ƙarfen yana jikin motar a garkar gidan Alhaji, in dai ba a taɓa shi ba. Ba wanda ya zo daga kwamiti ya nemi ganin ko ɗaya.

6. An yi zama ba a kira wanda ake tuhuma ba, kuma mai motar yana cikin masu hukunci.

An yi sadakar bakwai ranar Lahadi 8 ga Disamba. Washegari da safe kwamiti ya zauna. Mahaifina yana ƙofar gidan iyayen mijina yana taya su sallamar baƙin da suka rage. Ba a aiko masa da kira ba, ba a kira Lami ba, ba a kira Abdulgafar ba. Da azahar aka kawo masa takarda da Faransanci, ya riƙe ta a aljihu har yamma kafin ya sami mai karanta masa. Ta ce an hana shi aiki a tasha da duk inda ikon ƙungiya ya kai, har abada.

Alhaji Ɗandije shi ne mataimakin shugaban wannan kwamiti, kuma sa hannunsa na biyu ne a ƙasan takardar. Ba ina cewa ya yi nufin mijina da sharri ba. Ya zo gaisuwa sau uku, na ji kukansa daga ɗaki, ban kuma yi zaton na ƙarya ba ne. Amma sashi na goma sha biyu na dokokin ƙungiyarku, wanda na samu kofinsa, ya ce ba a hukunta ɗan ƙungiya sai an ji ta bakinsa, kuma wanda magana ta shafa ba ya zama a kanta. Ina cikin takaba na aika kawuna biro har sau biyu, 13 ga Janairu da 17 ga Fabrairu. Duka biyun an ce masa an rufe maganar.

7. An mayar da gargaɗin makaniki ya zama baki.

Ranka ya daɗe, da kunya nake rubuta wannan sashi. Tun ranar jana'iza aka fara cewa Baushe ya yi wa motar baki don an hana shi aiki, tun da ya ce ba za ta ga ƙarshen kaka ba, ga shi kuwa ba ta gani ba. Aka tono cewa kakata, mahaifiyarsa, 'yar bori ce a ƙauyenmu. Gaskiya ne, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma gidaje nawa ne a ƙasar Kurfai da za su ce ba su da irin wannan a zuriyarsu? Shi dai a sahun gaba na masallacin tasha aka san shi. Lokacin da wasu tsofaffi ke cewa wani fasinjan ɓoye ne ya zauna a bayan Gwaggo shi ya sa ta durƙushe, mahaifina ne ya yi dariya ya ce tsatsa ce da lodi.

Jita-jita ba aikin kwamiti ba ce, na sani. Amma takardar hukuncin ta rubuta cewa ya furta kalmomi marasa kyau a kan motar gaban jama'a, sai maganar gari ta sami hatimi. Ina roƙon a lura cewa tuhumar biyu ba sa haɗuwa. In shi ya gyara motar, ba a hana shi aiki ba, to haushin me zai sa ya yi mata baki? In kuwa an hana shi, to ba shi ya gyara ba.

Sakamakon haka, surukata Inna Safi, wadda ta riƙe ni kamar ɗiyar cikinta, ta aiko cewa kada a ƙara kai jikokinta, Fati da Ummul, gidan mahaifina. Ban ga laifinta ba. Ɗanta guda ne namiji, an kuma nuna mata takarda mai hatimi. Da ƙaramar salla yaran sun wuce ta ƙofarsa da sababbin kaya, yana zaune, ƙaramar ta ɗaga masa hannu, babbar ta ja ta suka wuce. Shekarunsu bakwai da huɗu. Wata rana za su tambaye ni abin da ya kashe ubansu, kuma takardarku ce za ta riga ni ba su amsa.

8. An kulle kayan aikinsa.

Ranar da aka kawo hukuncin aka kwashe akwatinsa na sifanu da kirik da gudumomi aka sa a ma'ajin kwamiti. Wasu daga cikinsu tun yana koyon aiki a Yamai yake tare da su. Dokokinku ba su ba kowa ikon riƙe kayan mutum ba.

Wata huɗu da rabi ke nan mahaifina yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, wanda ke kallon hanyar tasha. Ya rame har rigunansa sun yi masa yawa. Bai je ya roƙi kowa ba, bai kai ƙara wurin jandarma ba, bai zagi Alhaji ko sau ɗaya a gabana ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya fara yarda da hukuncin ta wata hanya. Cikin azumi na aika masa da kunu, ya ce a gaya mini laifinsa ne, domin ranar da motar ke kan kututture da ya cire uwar lam ɗin ya jefa a rijiya, da Alhaji ya yi ta faɗa, da dole an sayo sabuwa. Ya ce ya tsaya girmama dukiyar mutane, ya mayar da ƙarfen da ya san ya mutu. Ranka ya daɗe, mutumin da ya faɗi gaskiya sau huɗu, sau biyu ga mijina, sau ɗaya ga mai mota, sau ɗaya ga sakatare, bai kamata a bar shi ya ƙare kwanansa yana wannan lissafi ba.

Bisa ga abubuwan da suka gabata, ina roƙo cikin ladabi:

a) A jingine hukuncin 9 ga Disamba, a sake zama, a kira mahaifina da ni da Lami da Abdulgafar, kuma Alhaji Ɗandije ya zo a matsayin mai ba da bayani, ba mai hukunci ba.

b) A naɗa makanikai biyu daga wajen Filinge su haɗa guntun da ke hannunmu da wanda ke jikin motar, su faɗi abin da suka gani a rubuce. Ina roƙon a gaggauta, domin na ji ana shirin sayar da motar ga masu tsofaffin ƙarafa.

c) A mayar masa da kayan aikinsa da rumfarsa.

d) In gaskiya ta fito, a karanta ta da Hausa a tsakiyar tasha ranar kasuwa, a kuma aika wakili ya faɗa wa Inna Safi a gidanta, domin daga bakina ba za ta karɓa ba.

Ba na neman diyya, ba na neman a wulakanta kowa.

Jiya da la'asar na karanta wa mahaifina wannan takarda daga farko har nan. Ya saurara kansa a sunkuye, bai katse ni ba. Da na gama na tambaye shi ko akwai abin da yake so in ƙara don kansa. Har na fara naɗe takardar. Sannan ya ce in rubuta cewa daga inda yake zama yana ganin motocin da ke fita tasha, kuma akwai biyu da ba su kwanta masa ba: shuɗiyar nan mai zuwa Abala, wadda bayanta ya zauna ta dama, da wata ja mai zuwa Yamai ranar Talata da Asabar, wadda ƙafafunta na baya ba sa bin sawun na gaba. Ya ce tun kafin azumi yake kallon su, amma ba ya iya yi wa direbobin magana, domin in ya faɗa wani abu ya faru za a ce ya sake yin baki. Ya roƙi a tura wani ya shiga ƙarƙashinsu kafin damina ta ɓata hanya. Ya ce ba sai shi ba, kowa ma aka tura, kuma ko ba a ɗauki sauran takardar ba a ɗauki wannan.

Ina fatan Mai Girma Shugaba zai dubi wannan kuka da idon adalci da rahama. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya taimake ka kan nauyin da ke wuyanka, ya kai matafiyanmu gida lafiya.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Balkisa Baushe
(sa hannu)

Na ji abin da aka rubuta, haka yake:
Baushe Mai Lam
(dangwalen babban yatsa)

Abin da ke haɗe:
Kofin takardar hukunci ta 9 ga Disamba, 2024.
Kofin sashi na goma sha biyu na dokokin ƙungiya.
Hoto biyu na guntun uwar lam.
Takardar shaidar rasuwar Abdurrazak Kailu.